Shekarar da Na Baro Farin Dubbu

Ku 'ya'yan gidanmu kun taso kun same ni malamar makaranta, mai farin mayafin tobu da jakar littattafai. Kaɗan ne cikinku suka san na taɓa zama wani abu dabam, waɗanda suka sani ɗin ma a gurguje aka faɗa musu, ana dariya: wai Gwaggo Batula ta taɓa zuwa ƙasar ƙanƙara kallon dabbobi. To ba kallo na je ba. Aiki na je yi, kuma na iya shi. Wannan babin labarin shekara guda ne, wadda na tafi a cikinta kuma na dawo a cikinta. Kun ji shi daga bakin mutane da yawa, yau ku ji daga nawa.

Kakanmu daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa zai je Makka. Ya je, ya yi aikin hajjinsa, a hanyar komawa ya tsaya a yankin Jazira na Sudan yana tsinkar auduga a gonakin mutane, bai ƙara gaba ba har ya rasu. Baba, Malam Idrisu, shi ya kawo mu Hajj Yusuf, a gefen Khartoum, tun unguwar ba ta cika ba. Yana sayar da dawa da wake a kasuwa, yana jan salla a ƙaramin masallacin layinmu. Mu uku ya haifa: Yaya Usman, sai ni, sai Siddiƙ. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana Batula ba, sai dai Uwata. Inna ta rasu ina jami'a. Lokacin da wannan labarin ya faru Yaya ya yi aure, yana zaune a gidan da matarsa Ihsan da ƙananan yara, yana da haflarsa, motar fasinja da ke jigila tsakanin Hajj Yusuf da Bahri. Siddiƙ kuwa yana Jidda yana tsaron kantin wani.

Ilimin dabbobi na karanta a Khartoum, kuma bincikena na farko a kan yadda ƙananan dabbobin hamada ke jure yunwa da ƙishirwa ne. Wata malama 'yar Kanada, Dakta Ruth, ta zo jami'armu ta yi 'yan makonni. Ta zauna ta ji bayanina, ta yi mini tambayoyi har na fara gumi, sannan ta ce akwai dabbar da ta fi duk nawa iya zama da yunwa, kuma tana neman ɗaliba. Mu da Larabci muka san dabbar, dubbu. Na ji Hausawan Najeriya suna ce masa beyar. Wannan fari ne, a can ƙarshen arewacin duniya yake, inda teku ke daskarewa.

Ranar da na kawo maganar gida, ana cin kisra, siririyar gurasarmu ta dawa, da miyar kuɓewa a tsakar gida. Yaya ya ajiye lomarsa.

“Ke Batula, hankalinki ɗaya kuwa? Duk dabbobin da Allah ya zuba a Sudan ba su ishe ki ba? Mace, ba aure, ki tafi ƙasar da ba mu da kowa, wai ki bi dabba. Me za mu gaya wa mutane?”

Baba bai kula shi ba. Ni ya kalla.

“Uwata, wannan dabbar me take ci a kan ƙanƙara? Ai ba ciyawa.”

Na ce masa akwai wata dabbar ruwa mai kitse sosai, fuƙma, wadda ke huda rami a ƙanƙara tana leƙowa ta sha iska. Dubbun sai ya kwanta a bakin ramin, shiru, wani lokaci yini guda, har ta leƙo ya fizgo ta. Kitsen yake fi so. Idan zafi ya zo ƙanƙarar ta narke, ba shi da wurin tsayawa ya yi farauta, sai ya fito tudu ya zauna da yunwa wata da watanni, yana cin kitsen jikinsa, har teku ya sake daskarewa.

Baba ya daɗe yana girgiza kai.

“Subhanallahi. Ashe akwai irin wannan a cikin halittar Allah, mu muna nan ba mu sani ba. Je ki gani, Uwata, ki zo ki ba ni labari. Ubana ya taka daga Haɗeja har nan, ba wanda ya riƙe masa ƙafa.”

A wancan zamanin mace ba ta samun izinin fita ƙasar sai waliyyinta ya sa hannu. Baba ya sa babbar rigarsa, ya hau mota da ni muka tsallaka gada zuwa Khartoum, ya sa hannu da kansa.

Ƙarshen damina na isa. Daga birnin da jami'ar take aka wuce da ni arewa, wani ɗan gari a bakin babban teku, inda muke da gida na katako da ɗakin gwaji. A jirgi mai saukar ungulu muke fita. Idan an hango dubbu sai a harba masa allurar sa barci, a jira ya kwanta, mu sauka. Na farkon da na taɓa mace ce, mai ciki, ta yi ƙiba har tana rawa kamar salkar mai. Na durƙusa kusa da ita. Tafin ƙafarta ya kusa faɗin farantin da muke jera kofunan shayi, ƙarƙashinsa da gashi da ƙananan ƙuraje da ke hana ta zamewa. Dakta Ruth ta ce in buɗa gashin wuyanta in duba. Na buɗa, sai na ga fata baƙa ƙirin. Gashin ma ba fari ba ne, ba shi da launi, haske ne ke sa ido ya gan shi fari. Na yi dariya ni kaɗai a cikin sanyin nan, na ce a raina wannan sai na gaya wa Baba. Muka auna nauyinta, na ɗebi jininta da hannuna, muka sa mata abin wuya mai nuna inda take, muka ja da baya har ta farka ta tafi tana tangaɗi.

Wannan macen da ire-irenta su ne aikina. Mai ciki ba ta komawa teku tare da sauran idan ya daskare. Rami take haƙawa a tudu, dusar ƙanƙara ta rufe ta, ta haihu a ciki a tsakiyar hunturu. Jaririn bai kai kilo ɗaya ba, idonsa a rufe. Ta shayar da shi nono mai kauri, kusan kashi ɗaya cikin uku kitse ne, alhali ita ba ta ci ba, ba ta sha ba. Daga fitowarta tudu zuwa ranar da za ta sake cin abinci yakan kai wata takwas. Amma ta fito daga ramin a kan ƙafafunta, ta ja 'ya'yanta tafiya mai nisa zuwa teku. Mutum idan ya kwanta 'yan makonni naman jikinsa ya fara zagwanyewa ke nan. Ita me ya hana nata? Amsar da aka ɗauke ni in nemo ke nan. Na ɗebi jininsu kafin su shiga rami, saura in kasance a wurin ranar da za su fito, in sake aunawa, in ɗebi jini da nono, in gwada. Rabin aikin yana hannuna, rabin yana ƙarshen hunturu.

Ba duka ne masu ƙiba ba. Da kaka ta yi nisa, sauran dubbunan suka taru a gaɓa suna jiran teku ya daskare, shi kuwa ya ƙi. Mun kama wata uwa da ɗanta, ina iya ƙirga haƙarƙarinta ta saman gashi, nonon ya ƙafe. Dakta Ruth ta zauna a kan dutse ta cire safar hannunta, ta ce lokacin da ta fara aikin nan ƙanƙara ta fi daɗewa kafin ta narke, kuma ta fi saurin dawowa. Ta ce a da ba abin mamaki ba ne ka ga uwa da 'ya'ya uku, yanzu sai an daɗe ba a gani ba. Duk kwanan da aka rage wa ƙanƙara, kwanan farauta aka rage musu, aka ƙara a kan na yunwa. A lokacin mutane da yawa ba su yarda duniya na ɗumama ba. Mu kuwa a kan ma'auni muke gani.

Duk Juma'a nakan kira kantin maƙwabcinmu, inda akwai tarho, a kira mini Baba. Ba ya tambayar ko na ci abinci, sai dabbar. Da na gaya masa fatarta baƙa ce, dariya ya yi har ya sarƙe, na ji yana faɗa wa mutanen kantin da Larabci. Watannin nan su ne mafi daɗi a rayuwata, ba na jin kunyar faɗa. Ina tashi da safe na san abin da aka halicce ni in yi.

Saura 'yan makonni uwayen su fara fitowa, mun gama haɗa kaya, aka ce ana nemana a tarho. Ba Juma'a ba ce. Yaya ne.

“Batula, Baba ya faɗi a masallaci. Ɓarin jikinsa ya mutu, ba ya magana. Idan kina so ki same shi da rai, ki taho yanzu. Ban sani ba ko zai kai mako.”

Ban tsaya tunani ba, wa zai tsaya? Dakta Ruth ta kai ni filin jirgi da kanta. Na bar manyan takalmana a bakin ƙofa, na bar rigar sanyina a rataye, domin na ce mata ko dai in yi jinya ta 'yan kwanaki ko in yi zaman makoki, duk wanda ya kasance zan dawo kafin a gama fitowa.

Na iske Baba a gida, ba a asibiti ba. Yana kwance a kan angaribu, gadon nan namu na igiya, bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Amma idonsa garau. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin magana, abin da ya fito bai wuce “Uwa” ba. Na yi kuka, na gode wa Allah da na same shi. Na ɗauka Allah ne ya ja kwanansa don in iso.

Bayan kamar mako guda na kai shi wurin likitansa a Bahri. Da ya gama dubawa na bi shi waje na tambaye shi gaskiya, kwana nawa ya rage mana. Ya kalle ni da mamaki.

“Kwana? Malama, mahaifinki ya tsallake tun kwanakin farko. Zuciyarsa lafiya lau. Irinsa yakan yi shekaru. Na gaya wa ɗan'uwanki tun kafin mu sallame shi, abin da yake bukata mai kula da shi ne, dare da rana.”

Na tambaye shi wace rana aka sallame su. Ya faɗa. Ranar ta riga ranar da Yaya ya kira ni.

Na same shi da yamma a ƙofar gida yana wanke haflarsa. Ban ɗaga murya ba saboda maƙwabta.

“Yaya, ka san Baba ba mutuwa yake yi ba lokacin da ka kira ni.”

Bai ko ajiye tsumman ba.

“Da na ce miki jinya ce za ki zo? Za ki ce bari ki gama da dabbobinki tukuna.”

“Da ka gaya mini gaskiya ka bar ni na yanke da kaina. Mako shida nake bukata. Bayan nan sai mu zauna mu tsara, ni da kai da Siddiƙ.”

“Siddiƙ aiki yake yi.”

“Ni fa?”

“Ke karatu kike yi. Karatun ma na dabba. Ubanki na kwance kina maganar dabba, ya Batula? Ki ji tsoron Allah.”

Sai a sannan na tuna maganar izinin fita. Hannun da ya sa mini hannu a farko yanzu ba ya riƙe ko cokali. Waliyyina ya zama Yaya. Na roƙe shi. Ni da na durƙusa a gaban dabbar da za ta iya cire mini kai da mari ɗaya, na zo ina bin ɗan'uwana a tsakar gida da takarda da alƙalami. Yau ya ce gobe, gobe ya ce yana sauri. Na je wurin baffanninmu a Omdurman, suka ba ni shayi, suka ce Allah ya yi mini albarka, ai 'ya mace ita ce jinya. Na kira Siddiƙ, ya yi kuka a tarho, ya ce malesh, in yi haƙuri, mai kantin ba zai ba shi hutu ba. Babu wanda ya ce masa ya ji tsoron Allah.

Daga baya Yaya ya gaji da ni. Ya ce zai sa hannu, in je in karɓo sabuwar takarda. Ina so ku riƙe wannan, domin ba na son in ɗora masa abin da bai yi ba: ya ce zai sa. Na tashi da sassafe na gyara Baba, na ba shi kunu, na roƙi Ihsan ta sa ido, Yaya ya ce zai leƙo da hantsi ya juya shi ya kai shi bayan gida. Na tafi Khartoum. Layi ya yi tsawo, sai bayan la'asar na dawo.

Tun daga zaure na ji warin. An fito da angaribun tsakar gida da safe don ya sha iska, inuwa ta gudu ta bar shi, rana ta yini a kansa. Ya ɓata jikinsa tun ban san yaushe ba, ƙudaje sun rufe zanen. Ihsan na tsaye a ƙofar ɗakinta da goyo, idanunta sun kumbura. Ta lulluɓe masa fuska da mayafi, ta ba shi ruwa, iyakar abin da za ta iya ke nan. Ba ta iya ɗaga gadon ita kaɗai, kuma ba za ta buɗe tsiraicin surukinta ba, Baba ma ba zai yarda ba.

“Wallahi Batula na aika tasha sau biyu. Ya ce yana zuwa.”

Ban taɓa riƙe Ihsan a zuciya ba, Allah ya jiƙanta. Muka ja gadon inuwa ni da ita, ta shiga ɗaki, na kawo ruwa. Mutumin da ya yi shekaru yana tsayawa gaban sahu, ya juyar da fuskarsa bango don kada mu haɗa ido. Ina wanke shi hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace. Da na gama na sa masa riga mai tsabta, ya kama wuyan hannuna da hannunsa na hagu. Ya daɗe yana kokawa da harshensa.

“Uwata... tafi.”

Na ce, “To, Baba.”

Ya ƙara matse hannun. “Tafi. Ki... gani.”

Ya san abin da ya faru da shi a yinin nan, ya san haka sauran kwanakinsa za su kasance, amma ya ce in tafi. Shi kaɗai ne a gidan ya faɗi haka, kuma shi kaɗai ne ba zan iya bari ba. Yaya ya shigo bayan magariba yana cewa mota ce ta lalace masa a Bahri. Ya ce ina takardar. Na ce ya bar ta.

Don haka idan an ce muku ba wanda ya hana ni komawa, ba a yi ƙarya ba. Ni na zaɓa. Amma an ja ni da ƙarya har bakin gadon nan, an nuna mini abin da zai faru idan na juya baya, sannan aka miƙo mini alƙalami. Ku ku sa wa wannan suna.

Washegari na je shagon tarho a Bahri na kira Dakta Ruth. Kafin in yi magana ta ce tana da labari: macen nan tawa ta farko ta fito daga rami da 'ya'ya biyu, ta rame ƙwarai amma tana tafiya da ƙarfinta. Na jingina da bangon katakon shagon, ina jin masu hafla na kiran fasinja a waje. Na gaya mata ba zan zo ba. Ta ce za ta riƙe mini gurbin har kaka mai zuwa. Ta riƙe. Ta ƙara riƙewa shekara guda bayan nan. Daga baya dole ta ba wani ɗalibi, ya haɗa jinin da na ɗiba da wanda ya ɗiba, ya rubuta, ya zama dakta. Mutumin kirki ne, ya sa sunana a wurin godiya.

Baba ya yi shekaru masu yawa a kwance. Na koyi juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, na koyi fahimtar maganarsa da ba wanda ke ganewa sai ni. Na samu koyarwa a makarantar 'yan mata kusa da gida don in riƙa leƙowa tsakanin darasi. Kullum ina murza masa ƙafafu da man riɗi, ina kallon naman cinyarsa yana tafiya kaɗan-kaɗan har ya zama fata da ƙashi. Na san sunan kowane abu da ke faruwa a cikin naman nan. Na san akwai dabbar da ke kwanciya wata da watanni hakan bai same ta ba, kuma na taɓa riƙe jininta a hannuna ina neman dalili. Wannan tunanin ya fi komai ci mini rai. Shi kuwa Baba, da la'asar idan na kawo masa jabana, wato gahawa, sai ya ɗaga hannun hagu ya yi alamar in ba shi labari. Na ba shi labarin watannin nan har sun ƙare, na sake daga farko, bai taɓa gajiya ba. Ba na nadamar ko yini ɗaya da na yi a gefensa. Abin da nake jin ɗacinsa shi ne mu uku ya haifa.

Da ya rasu na haura arba'in, ilimin ya yi gaba ya bar ni, Dakta Ruth ta yi ritaya. Na auri wani malami, mutumin kirki da matarsa ta rasu, na koma gidansa a unguwar Alsawra da ke Omdurman. Allah bai ba mu haihuwa ba, shi ma ya riga ni. Har yau ina bin labarin dubbunan a waya. An sa su cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu idan ba a yi hattara ba. A wasu yankunan suna nan da ƙarfinsu, amma na bakin tekun da na sani sun ragu, uwaye sun fi ramewa, 'ya'ya da yawa ba sa kai shekara. Abin da muka gani a kan ma'auni a lokacin, yanzu kowa ya sani. Ba ina cewa da na zauna da na cece su ba. Ba mutum ɗaya ne zai daskarar da teku ba. Amma da ina cikin masu aunawa da faɗa wa duniya, kuma da an ji shi daga bakin 'yar Hajj Yusuf.

Da yaƙin nan ya ɓarke a Khartoum, zama ya gagara a Hajj Yusuf. Yaya ya iso Alsawra a bayan motar kaya, shi kaɗai, da jaka ɗaya. Ihsan ta rasu tun kafin nan, 'ya'yansa mata na gidajen mazajensu a wasu garuruwa, ku 'ya'yansa maza kuma, kai Mustafa kana Riyad, kai Idrisu kana Alƙahira kana karatun likita. Ciwon sukari ya riga ya ci masa ƙafa ɗaya, idonsa ya yi rauni. Na buɗe masa ƙofa, na ba shi ɗakin marigayi. Ɗan'uwana ne. Ni ke dafa masa abin da ba zai tayar masa da ciwon ba, ni ke wanke masa miki, ni ke neman allurarsa a garin da magani ya zama abin nema. Ba mu taɓa tayar da tsohuwar maganar ba, ni da shi.

Kwanakin baya da hantsi ina tsakar gida ina tsince shinkafa, ku biyu kuka kira shi tare. Ya ƙure muryar wayar saboda kunnensa, don haka na ji komai. Na ji kai Idrisu kana cewa za ka ajiye karatun shekara guda ka zo ka kula da shi. Na ji Mustafa yana cewa a'a, shi ne babba, shi zai nemi hutu. Allah ya yi muku albarka, na ji daɗin hakan. Na tsaya da tsintar ina sauraron abin da zai ce.

“Kada wanda ya zo,” in ji shi. “Kul. Idrisu, ka gama karatunka, irin wannan damar ba ta zuwa sau biyu. Mutum ba ya barin abin da ya fara saboda tsoho. Ku zauna inda kuke, ni ba abin da na rasa. Ai gwaggonku tana nan.”

Ashe ya sani. Duk shekarun nan ina ba shi uzuri a raina cewa bai san darajar abin da ya raba ni da shi ba. Ya sani sarai.

Da ya kashe wayar ya kira ni, ya ce in kawo masa ruwa. Na kai masa.